Yadda za ki sayo kayan gyaran fata a Busan, ki kuma ga gari da tekunsa

Da zarar an ji za ki Koriya ta Kudu, tun ba ki ɗaure akwati ba sautu zai cika miki waya. Wannan ta turo hoton kwalba, waccan ta ce irin na yauƙin dodon koɗin nan take so, ƙanwar maigida kuma ta ce duk abin da kika ga ya yi. Yawancin masu zuwa a Seoul suke tsayawa, su shiga turmutsutsun unguwar shaguna ta Myeongdong su kwaso abin da hannu ya kai. Ni shawarata, 'yar'uwa, ki gangara Busan, birni na biyu a girma a ƙasar, mai mutum sama da miliyan 3, wanda ke kwance a bakin teku can kudu maso gabas. Shagunan da ke Seoul duk akwai su a can, cunkoson bai kai na Seoul ba, ga iskar teku.

Tsarin da nake bi kwana huɗu yake ci. Ranar farko ki sayi kaɗan ki gwada a jikinki. Kwana biyu ki yi yawon ganin gari, fatarki na ba ki amsa. Rana ta huɗu ki koma ki yi sayayyar gaske. Wadda ta juya wannan tsari, ta zube kuɗinta a daren farko, ita ce ke komawa gida da kwalabe goma sha biyu, huɗu a ciki na sa mata ƙuraje.

Kafin ki bar gida

Mai fasfon Najeriya sai da biza, kuma ofishin jakadancin Koriya ta Kudu yana Abuja, don haka ki fara nema da wuri. Babu jirgi kai tsaye. Ana bi ta Addis Ababa, Doha, Dubai ko Istanbul a sauka a filin jirgin Incheon kusa da Seoul. Agogonsu ya riga namu da awa takwas.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne Afrilu zuwa Mayu, ko Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli damina ce mai nacin ruwa, Agusta kuma zafi da gumi, wani lokaci da guguwar teku. In sayayyar ce babban abin da ya kai ki, ki sani shagon Olive Young, wanda shi ne uwa uba a wannan harka, yakan yi babban rangwame sau huɗu a shekara, wajen farkon Maris, Yuni, Satumba da Disamba.

Ki sauke Naver Map ko KakaoMap a wayarki, don su ne suka san lungunan ƙasar da lambobin bas. Ki haɗa da Papago, manhajar fassara da za ki haska wa rubutun jikin kwalba ta karanta miki. Soket ɗinsu mai huda biyu ne zagayayyu. Wadda ta fito daga Maraɗi ko Damagaram cajarta za ta shiga, amma ta Kano mai baki uku sai da adafta.

Sai aiki mafi muhimmanci, wanda ba ya cin ko sisi. Ki zauna da takarda ki rubuta abin da ke damun fatarki da gaske, abu biyu ko uku: maiƙo ne lokacin zafi, gautsi ne da hunturu, ko tabon da ƙuraje suka bari. Masu sautu ma ki ce kowace ta turo hoton gaban kwalbar da girmanta, ta kuma turo kuɗinta. Ki faɗa musu iyakar abin da za ki ɗauko tun kafin ki tashi, don kayan nan ruwa ne, ruwa kuwa nauyi gare shi.

Rana ta farko: sauka da gwaji

Daga tashar Seoul jirgin ƙasa mai gudu na KTX yana kai ki tashar Busan cikin kamar awa biyu da rabi, kuɗinsa wajen won 60,000 (won shi ne kuɗin ƙasar). A kowane ƙaramin shago irin CU ko GS25 ki sayi katin T-money ki zuba masa kuɗi. Tsabar kuɗi suke karɓa wajen zubawar, don haka ki riƙe takardun won a jaka. Da shi za ki shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas, ki taɓa shi a shiga ki taɓa a fita.

Masauki ki kama a Seomyeon. Nan ne layi na 1 da layi na 2 suka haɗu: na 1 ya kai ki tsohon gari da kasuwanni, na 2 ya kai ki rairayin bakin teku. Masauki a Haeundae, unguwar bakin teku, ya fi kyan gani ta taga, amma ya yi gefe, kullum za ki ɓata lokaci a hanya.

In kin huta, ki ɗauki fasfonki na ainihi ki nufi Olive Young mafi kusa. A Seomyeon ba sai kin yi tambaya ba, koren tambarinsu zai tare ki. Yau kallo da gwaji kika zo yi. Akwai kwalaben gwaji a buɗe a gaban kusan kowane kaya, kuma ma'aikatan ba sa bin mutum da ido ko matsa masa. Ba a tayi a nan, farashi na manne a jikin kanta.

Za ki ji ana maganar matakai goma na gyaran fatar Koriya. Kada wannan ya ruɗe ki. Abin da kike buƙata huɗu ne: abin wanke fuska, siram (ruwan shafawa mai ƙarfin sinadari) ɗaya da ya dace da matsalar da kika rubuta, kirim mai riƙe danshi, da man kariya daga rana. In kina son ƙari, ruwan tona da ake shafawa bayan wanke fuska, ko mas ɗin fuska, wato ɗan ƙyallen nan jiƙaƙƙe da ake mannawa na minti goma sha biyar zuwa ashirin.

In za ki sayi abu ɗaya tak a ƙasar nan, ki sayi man kariya daga rana. Da yawanmu mun haƙura da shi ne saboda irin da muka sani yana barin fuska fari fat kamar an shafa toka. Nasu da yawa shigewa suke cikin fata kamar ruwa, ba nauyi ba maiƙo. Ki nemi mai alamar SPF50+ da PA++++. Na Beauty of Joseon, Round Lab da Skin1004 na daga cikin waɗanda aka fi ɗauka. Amma ki gwada da kanki: ki ɗiga a bayan hannu, ki murza, ki fita ƙofar shago ki duba a hasken waje, don fitilun ciki suna ɓoye fari. Duk wanda aka rubuta masa 톤업 ki mayar da shi inda kika ɗauko, an yi shi ne musamman don ya bar farin haske a fuska, kuma a fatarmu toka-toka yake fitowa. Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne tabon ƙuraje: rana ce ke ƙara masa duhu, kuma duk siram ɗin da kika shafa ba tare da kariya ba, aikin baban giwa kike yi.

Ga tabo, ki nemi mai sinadarin niyasinamaid. Ga fata mai saurin fushi da ja, mai ganyen sentela, wanda suke kira sika. Ga gautsin hunturu da ke sa fuska ta yi furu-furu, kirim mai seramaid, da siram mai hayaluronik irin na Torriden. Yauƙin dodon koɗi na COSRX da ake ta sautu yana taimakawa wajen danshi da laushi. Wasu fatar na karɓarsa, wasu kuma ƙananan ƙuraje yake feso musu, shi ya sa ake gwaji.

Za ki ga kalmar 미백 a jikin kaya da yawa, manhaja kuma ta fassara miki ita da sa fata fari. Kada ki tsorata, kada kuma ki yi murna. Yawanci niyasinamaid ne ko arbutin, masu daidaita launi a hankali su rage tabo. Haidirokwinon da ake cusawa a mayukan bilicin na kasuwanninmu dokar Koriya ba ta yarda a sa shi a kayan kwalliya ba. In wata ta yi miki sautu da niyyar ta sauya launi, ki gaya mata gaskiya tun yanzu, wannan kayan ba zai yi mata abin da take nufi ba, kuma alheri ne gare ta da bai yi ba.

Hodar ruwa mai soso da suke kira kushin ita ce inda na ƙone hannu a zuwana na farko. Launukan da ke kan kanta yawanci lamba 21 da 23 ne, wani lokaci 13 ko 17, kuma duk na farar fata ne. Na ɗauki mafi duhun da na samu ina cewa zai shige, na biya, da na shafa a masauki na san kuɗin nan ya tafi, na kuwa ji zafinsa. Wasu kamfanoni irin TirTir sun faɗaɗa launukansu zuwa masu duhu, amma ba kasafai ake ajiye su a shagunan cikin ƙasar ba. Hoda ki bar ta sai kin koma gida. Jan baki, man leɓe na Laneige, gazal da fensirin gira kuwa ba su da wannan matsala.

Sai maganar abin da ke ciki. Kolajin, wanda ake rubutawa 콜라겐, ana samo shi daga kifi, shanu ko alade, kuma ba kullum kwalba ke faɗin wanne ba ne. Haka mayukan da aka ce an yi da mahaifar dabba. Hanya mafi sauƙi ita ce neman tambarin 비건, ma'ana babu abin dabba a ciki, kuma kayan da ke ɗauke da shi sun yi yawa yanzu. Ki haska jerin sinadaran da Papago. In ba ki gane ba, ki ajiye, akwai goma irinsa a gefe.

Ki sayi mafi ƙanƙantar kwalba ta abu uku ko huɗu da ranki ya kwanta da su. Da dare ki shafa kowanne a wuri daban: ɗaya bayan kunnen dama, ɗaya bayan na hagu, ɗaya a cikin dantse, ɗaya ƙarƙashin haɓa. Ki rubuta wanne kika sa a ina, don gobe mantawa za ki yi. Ki maimaita kowane dare. Ƙaiƙayi, zafi, ja ko ƙananan ƙuraje, wannan ya faɗi jarrabawa.

Rana ta biyu: tsohon gari

Ki shafa sabon man ranar ki fita, yau ce jarrabawarsa. Ki hau layi na 1 zuwa tashar Toseong, ki fita ta ƙofa ta 6, ki kama ƙaramar bas mai lamba 1-1, 2 ko 2-2 ta haura da ke Gamcheon. Unguwa ce a jikin tsauni, gidaje ƙanana hawa-hawa, shuɗi da ruwan ɗorawa da ruwan hoda, kowanne na leƙen teku ta saman rufin na ƙasa da shi. Talakawa da 'yan gudun hijira ne suka cika ta a shekarun yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 da bayansa, lokacin da Busan ta zama babban birni na wucin gadi. A 2009 aka fara ƙawata ta da zane-zane. Har yau mutane na zaune a ciki. Za ki ga shanya a igiya, ki ga tsohuwa na haurowa matakala da ledar cefane tana tsayawa tana numfashi. Ki rage murya, kada ki leƙa ƙofar kowa, ki sa takalmi maras tsini. Da safe ake zuwa, kafin ƙarfe goma.

Daga nan ki gangaro Jagalchi, babbar kasuwar kifi. Mata ne ke riƙe da ita, dattijai masu takalmin roba da atamfar leda a ƙirji, kuma kirarin kasuwar da harshen Busan shi ne "Oiso, boiso, saiso", wato ku zo, ku gani, ku saya. A ƙasan babban ginin kifi da kaguwa da jatan lande na motsi a cikin kwatami. Ki nuna wanda kike so, a auna, ki biya, a haura da shi sama a dafa miki ki biya kuɗin tebur daban. Ki tambayi jimillar kuɗin kafin a sa wuƙa. In ba ki son wannan hidima, a layin waje akwai masu gasasshen kifi da shinkafa da ƙananan kwanukan ganye. Ginin yakan rufe ranar Talata ta farko da ta uku a wata.

A nan zan ja kunnenki kan abinci. Abin da Busan ta fi alfahari da shi shi ne dweji gukbap, romon alade ne da shinkafa, kuma shagunansa na ko'ina. Taliyar sanyi ta milmyeon ma sau da yawa akwai alade a romonta ko a yankan naman da ke sama. Ki haddace "dweji-gogi an mogoyo", ba na cin naman alade, ki kuma ajiye shi a rubuce a waya. Kifi gasasshe shi ne mafakarki.

Tsallaka titi kaɗan sai dandalin BIFF, inda ake layin siat hotok, wata waina mai sukari da ake tsagawa a cika da su ƙwayar kabewa, a miƙo miki a kofin takarda da zafinta. Gaba kaɗan kasuwar Gukje da ta Bupyeong, sai titin Gwangbok-ro mai jerin shagunan kamfanoni ɗai-ɗai irin su Innisfree da Nature Republic. Ki leƙa ki rubuta farashi, kada ki saya tukuna. A kasuwar tebur kuwa ki sayi safa da tsaraba, amma abin da za ki shafa a fuska ki saye shi a shagon da ke ba da rasit.

Rana ta uku: teku

Ki yi sammako zuwa Haedong Yonggungsa, wurin ibadar mabiya Buddha da aka gina a kan duwatsun bakin ruwa. Bas mai lamba 181 daga Haeundae tana kaiwa kusa. Matakala 108 ake sauka, igiyar ruwa na dukan dutse a ƙarƙashinki. Masu ibada na nan suna abinsu, ki ba su wuri.

Ki dawo Mipo, a ƙarshen rairayin Haeundae, inda aka mayar da tsohon layin dogo wurin shaƙatawa mai suna Blueline Park. Akwai ƙananan taragu masu launi da ke tafiya a sama a hankali zuwa ƙauyen masunta na Cheongsapo cikin kamar rabin awa. Tikitinsu na ƙarewa, ki kama ta intanet tun kwana biyu kafin. In ba ki samu ba, jirgin ƙasan bakin tekun da ke ƙasa yana bin hanya ɗaya har Songjeong, kuma ya fi araha.

Shinsegae na Centum City yana kan layi na 2, katafaren kanti da aka buɗe a 2009 har ya shiga kundin Guinness saboda girma. Nan ake samun mayuka masu tsada irin Sulwhasoo. A cikinsa akwai gidan wanka na Spa Land. Ki sani a ɓangaren wanka, duk da mata zalla ne, tuɓewa ake yi gaba ɗaya.

Magariba ki yi ta a rairayin Gwangalli. Gadar Gwangan, mai tsawon sama da kilomita 7, tana kunna fitilunta a kan ruwa, kuma daren Asabar ana wasan ƙananan jirage marasa matuƙa a sama in yanayi ya yi kyau. Ki zauna a kan rairayi da mayafi mai kauri, iskar na da sanyi. Ni a nan na fi jin na zo wani wuri.

Salla kuwa, masallacin Al-Fatah yana kusa da tashar Dusil a layi na 1, tun 1980 yake, kuma akwai abincin halal a kewayensa. In Juma'a ta faɗo cikin kwanakinki, ki shirya yawonki a kanta. Abin da zai ba ki mamaki, a nan alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa. Mu da muka saba cewa a fuskanci gabas sai mun dogara da manhaja. Bandakunansu tsaf suke amma babu buta, ki riƙe ƙaramar gora a jaka.

Rana ta huɗu: sayayya

Da safe ki duba wuraren gwajin nan huɗu a madubi, ki soke duk wanda ya faɗi. Kwana uku ba ya nuna ko abu zai goge tabo, wannan aikin makonni ne, amma yana nuna wanda fatarki ta ƙi. Ki tafi shago da zarar an buɗe, kafin cunkoso, da takardarki a hannu.

Alamar 1+1 na nufin ki sayi ɗaya a ba ki ɗaya. Ki kuma duba kwalaye na musamman da ake haɗa babbar kwalba da ƙaramar kyauta ko ledar ƙari a kusan farashi ɗaya. Sukan ajiye su a gaban shago. Ki juya kowace kwalba ki karanta kwanan wata, shekara ce a farko, sai wata, sai rana. In kin ga 제조 ranar da aka yi shi ke nan, in kin ga 까지 ranar da zai lalace. Ɗan hoton gwangwani buɗaɗɗe mai 6M ko 12M yana faɗin watannin da zai yi bayan an buɗe. Wannan lissafi ne zai hana ki haɗama: abin da fuska ɗaya za ta shanye a shekara ba shi da yawa. Man rana shi ne za ki ninka, uku ko huɗu, don in ana shafa shi yadda ya kamata kwalbar mililita 50 ba ta daɗewa.

Ki raba kwando biyu, naki da na sautu, ki biya daban-daban don kowace ta ga rasit ɗinta. A wurin biya ki miƙa fasfo. Baƙo mai ziyara da ya yi sayayyar won 15,000 zuwa sama yana da haƙƙin a mayar masa da wani kaso na harajin kaya, kuma shaguna da yawa a take suke cirewa daga kuɗin. Inda ba su cire ba, za su ba ki takardar maido da haraji. Ki adana ta da rasit, ki kai na'urar da ke filin jirgin da za ki bar ƙasar ta cikinsa, kuma kada ki tura akwatin ciki sai kin tabbatar kwastan ba sa son ganin kayan. Shagunan kamfani ɗaya sukan zuba miki gyara na ƙananan ledojin gwaji, ki karɓa da hannu biyu ki ce "kamsahamnida", wato na gode. Daiso kuma, shagon kayan araha, nan za ki cike tsarabar yara da 'yan aiki, kayansu ba sa wuce won 5,000.

Wajen ɗaure kaya, duk ruwan da ya wuce mililita 100 babban akwati zai shiga. Ki liƙe murfin kowace kwalba da salatif, ki sa a leda mai zif, ki naɗe cikin tufafi a tsakiyar akwati. Mas ɗin fuska yaudara gare shi, guda ɗaya ba nauyi, kwali goma kuwa kilo ne sukutum, ki auna akwatin a masauki. In kuma niyyarki kasuwanci ce da katan-katan, wannan wata hanya ce daban mai buƙatar rajistar NAFDAC, kada ki haɗa ta da tsaraba.

Idan kin isa gida, zafinmu shi ne abokin gabar kayan nan. Kada ki bar su a mota ko a bakin taga. Ki sa waɗanda ba ki buɗe ba a ƙasan durowa a ɗakin da ya fi sanyi, siram mai bitamin C kuma a firji, in ya koma ruwan ƙasa ki zubar. Ki fara da abu ɗaya, ki ba shi mako biyu kafin ki ƙara na biyu. Masu sautu ma, lokacin da kike miƙa wa kowace ledarta da rasit ɗinta, ki nuna mata bayan kunnenta ki ce ta fara daga nan.